Kabad ɗin Banɗakin Gida Mai Lamba 17

Daga:
Matar gida mai lamba 17,
Layi na uku, bayan tankin ruwa,
Rukunin Gidajen Ma'aikata Masu Ritaya.

21 ga Afrilu, 2025.

Zuwa ga:
Mai girma Shugaba,
Ƙungiyar Kafintoci da Masu Aikin Katako,
Reshen Babbar Kasuwa.
(A miƙa masa hannu da hannu, kada ta bi ta teburin Sakatare.)

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘORAFI NA BIYU A KAN ƊAN ƘUNGIYARKU NA RUMFA MAI LAMBA 42, WANDA AKE KIRA INJINIYA, BISA SAƁA YARJEJENIYAR AIKIN KABAD NA KICIN DA BANƊAKI, DA YIN ƘARYA DA SUNANA, DA JAWO WA MAIGIDANA RAUNI

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da muƙaminka, da fatan kana lafiya tare da iyali da sauran dattawan ƙungiya. Ni ce matar nan mai farin tabarau da ta zauna a bencin ƙofar ofishinka sau uku, ka wuce ta sau uku kana amsa waya. Na yi shekara ashirin da takwas ina aikin magatakarda a kotu kafin in yi ritaya, don haka na san yadda takarda ke ɓata a ofis, na kuma san yadda ake taimaka mata ta ɓata. Wannan karon na yi kwafi huɗu. Ina roƙon ka daure ka karanta naka har ƙarshe.

1. Maigidana tsohon direban babbar mota ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi a kan titi, ko akuya bai taɓa bugewa ba. Shekara biyu da suka wuce hawan jinin ido ya cinye masa gani, aka yi aiki sau biyu, abin da ya rage kaɗan ne. Yana iya bambance fari da baƙi idan suna kusa da juna. Abu mai sheƙi kuwa kashe masa ido yake yi, ya ce kamar fitilar motar da ke tahowa ta ƙi ragewa. Mutum ne da bai saba a yi masa ba. A miƙa masa kofin ruwa, sai ka ga fuskarsa ta canja kamar an zage shi.

2. Ma'aikaciyar asibitin ido ce ta ba mu shawara mu gyara gida yadda hannunsa da ragowar idonsa za su koyi ƙa'ida guda ɗaya. Muka zauna da shi muka tsara. Duk kabad ɗin da ke ɗauke da abin da ake ci, ko ake sha, ko ake shafawa a jiki, murfinsa ya zama fari, marar sheƙi, mai santsi, da mariƙi zagayayye kamar ƙwai. Duk wanda ke ɗauke da sabulun wanki, da maganin ƙwari, da ruwan wanke masai, murfinsa ya zama ruwan ƙasa mai duhu, mai tsagi-tsagi da yatsa zai ji, da dogon mariƙi na ƙarfe. Abin da ke kicin shi ne a banɗaki, launi ɗaya, fenti ɗaya, mariƙi ɗaya. Idan ɗaki ɗaya ya saɓa wa ɗaya, tsarin ya tashi a banza, ya ma fi rashinsa haɗari, domin mutum ya riga ya saki jiki da shi.

3. Ranar Litinin, 6 ga Janairu, Injiniya ya zo gidanmu da tef ɗinsa na awo. Na tambaye shi makarantar da ya yi injiniyanci, ya yi dariya ya ce sunan kasuwa ne. Na yi masa bayanin duk abin da ke sakin layi na 2, ban bar komai ba, a gaban maigidana. Ya kawo guntayen katako biyu, fari da mai duhu, a matsayin samfur. Maigidana ya shafa su, ya ɗaga su saitin taga, ya ce sun yi. Na sa hannu a bayan kowanne, Injiniya ma ya sa, muka rubuta yarjejeniya: murfi goma a kicin, shida farare, huɗu masu duhu, kabad biyu a banɗaki a gefen madubi, na dama fari, na hagu mai duhu, da katakon da ruwa ba ya kumbura shi. Da zai tafi ya durƙusa ya kama hannun maigidana da hannu biyu ya ce, "Baba, ka ɗauka ɗanka ne zai yi maka." Na rubuta maganar nan yadda ya faɗe ta, don ina so a tuna masa.

4. Zan faɗi gaskiya ko da a kan wanda nake ƙara. Aikin kicin ya yi kyau. An gama shi ranar 29 ga Janairu, kwana tara bayan wa'adi, amma ba shi da makusa. Cikin mako guda maigidana ya haddace shi. Ranar 5 ga Fabrairu na fito da safe na tarar ya dafa ruwa, ya haɗa shayi kofi biyu, ya zauna yana jirana, yana ta cika baki wai direba ya dawo bakin aiki. Ya zuba sukari ya yi yawa. Na shanye shi tas. Na kawo wannan ne don ka gane cewa Injiniya ya san aikin sarai, ya iya shi, ya kuma ga amfaninsa da idonsa. Abin da ya biyo baya ba za a iya kiransa rashin sani ba.

5. Wa'adin banɗaki 10 ga Fabrairu ne, kuma na riga na sauke duk nauyin da ke kaina, rasit na nan haɗe. Ranar ta zo Injiniya bai zo ba. Ranar 11 ya ce babu wuta. Ranar 13 ya ce mai fenti ya yi tafiya. Ranar 15 ya ce an yi masa rasuwa, na yi masa ta'aziyya da zuciya ɗaya, daga baya maƙwabcin rumfarsa ya ce shi dai bai ji an yi wata rasuwa ba. Ranar Talata, 18 ga Fabrairu, aka yi wa 'yarmu aikin haihuwa a wani gari, dole na tafi. Kafin in hau mota na kira shi na ce kada ya taɓa banɗakin sai na dawo. Ya ce, "An gama, Mama." Na bar maigidana tare da ƙanwarsa, dattijuwa ce mai ciwon gwiwa, ta zo ta zauna da shi. Mutumin da ya yi kwana takwas wuta da rasuwa sun hana shi motsi, washegarin tafiyata, Laraba 19 ga wata, ƙarfe goma na safe, sai ga shi a ƙofar gida da kabad biyu a bayan mota.

6. Abin da ya kafa mana: kabad biyu iri ɗaya sak, ruwan toka, masu ƙyalli kamar madubi, babu tsagi, babu mariƙi ko ɗaya, irin waɗanda ake danna murfin ya buɗe da kansa. Babu abin da ya haɗa su da na kicin, ko da samfurin da ya sa wa hannu. Idan aka kunna fitilar banɗaki, hasken na dukan su ya dawo a ido. Ni mai gani sai na kanne. Katakon kuma irin na garin katako ne da aka matse. Yau wata biyu, gindin na hagu ya kumbura ya fara ɓarewa kamar burodin da ya sha ruwa.

7. Ƙanwar maigidana ta leƙa ta ce ai wannan bai yi kama da na kicin ba. Injiniya ya ce mata ni na bugo waya daga asibiti na ce a canja, wai na ga wannan a wani gida ya burge ni. Ranka ya daɗe, tun da na hau mota ban sake kiransa ba. Takardar kiran wayata ta ranakun 18 zuwa 20 tana haɗe, a duba. A lokacin ina zaune a gefen gadon 'yata ina riƙe mata robar ƙarin ruwa. Da maigidana ya lalubi murfin bai ji mariƙi ba, ya tambaya, sai ya ce masa za a kawo gobe, ya ƙara da cewa, "Na dama naka ne, Baba, kamar yadda aka tsara." Sannan da hannunsa ya kwashe kwalaben da ke cikin kwandon da na ware su gida biyu, ya zuba su a kabad yadda suka zo masa, don ya samu fili ya ɗauki hoto.

8. Ranar Alhamis, 20 ga Fabrairu, wajen ƙarfe bakwai na safe, maigidana ya shiga banɗaki shi kaɗai kamar yadda ya saba. Likitan haƙori ya rubuta masa wani ruwan kuskure baki saboda ciwon dasashi. Ya danna kabad na dama, wanda aka ce masa nasa ne, ya ɗauko kwalbar da girmanta ya yi daidai da wadda ya sani. Yana fama da mura, hancinsa a toshe. Ya zuba a murfi ya kai baki. Ruwan wanke masai ne. Ƙanwarsa ta ji faɗuwar bokiti, ta rarrafo ta same shi a durƙushe yana kakari, yana lalubar famfo a inda babu famfo. Maƙwabcinmu na lamba 19 ne ya kai shi asibiti. Leɓe ya ƙone, harshe ya saɓule, kaɗan ya wuce maƙogwaro. Likita ya ce da ya haɗiye cikin murfin nan duka, da wata maganar ake yi. Ya kwana huɗu a gado, aka sallame shi ranar 24. Ya yi mako uku ba ya cin abin da ake taunawa. Na baro 'yata da ɗinki a ciki da jaririn kwana biyu na taho. Takardar likita na haɗe.

9. Baki ya warke, alhamdu lillahi. Abin da bai warke ba shi ne wanda likita ba zai rubuta a takarda ba. Tun ranar maigidana bai sake buɗe kabad da hannunsa ba, har na kicin ɗin da ya haddace. Ya ce yanzu bai yarda da fari ba. Da safe yakan tsaya a ƙofar banɗaki, hannu a bango, ya jira har sai ya ji motsina, sannan ya ce a hankali, "Akawu, zo ki miƙo min." Akawu yake kirana tun muna da ƙuruciya, da tsokana; yanzu babu tsokana a ciki. Ni nake matsa masa man goge baki a buroshi. Ranar 2 ga Afrilu na same shi a zaune a bakin gado yana kuka ba sauti, ya ce mutumin da ya ratsa ƙasa da ƙasa da tirela yau ya kasa ratsa tsakar ɗakinsa. Shekararmu talatin da shida tare, ko ranar da mahaifiyarsa ta rasu ban ga hawayensa ba. Ƙanwarsa kuwa ta tattara ta koma gida, ta ɗora wa kanta laifi, har yau ba ta iya haɗa ido da ni.

10. Ranar Litinin, 3 ga Maris, na je rumfa mai lamba 42 da samfurin nan biyu a jakata. Injiniya bai zo asibiti ba, bai kira ba, ko saƙon sannu bai aiko ba. Na same shi yana cin gyaɗa. Bai tashi ba. Na ajiye samfurin a kan bencinsa na nuna masa sa hannunsa. Ya ce ruwan toka mai sheƙi shi ake yayi, manyan mutane rububinsa suke yi, kamata ya yi in gode masa. Na ce ba yayi na saya ba. Ya ce kwalba kuma ai ba shi ya ba Baba a baki ba. Daga nan ya juya wajen mutanen da ke zaune, ya ɗaga murya don su ji, ya ce, "Wanda ba ya gani, me ya haɗa shi da launi?" Wasu suka yi dariya. Mai walda na rumfar da ke kallon tasa bai yi ba. Ya ce masa ya ji tsoron Allah, kuma ya yarda zai maimaita abin da ya ji a gaban kowa. A kotu na ji maganganun ɓarayi da na masu kisa, na rubuta su ban taɓa tsayawa ba. Wannan da na zo rubuta ta sai da na ajiye biro.

11. Ruwa ba ya tsami banza, don haka na bincika. Shagon sayar da turare da ke bakin babban titi, wanda aka buɗe a farkon Fabrairu, kantocinsa duka ruwan toka ne mai sheƙi, marasa mariƙi. Mai shagon ya tabbatar min Injiniya ne ya yi masa, kuma katako ya ragu. Ragowar shagon turare aka liƙa wa makaho a banɗaki, aka jira matarsa ta bar gari kafin a kawo. Bai tsaya nan ba. Hoton banɗakinmu yana nan a wayarsa yana tura wa mutane a matsayin talla, ya rubuta a ƙasa wai aikin zamani ga masu ido. Tawul ɗin maigidana na rataye a cikin hoton. Ban ba kowa izinin nuna wa duniya banɗakina ba.

12. Yanzu na zo kan ofishinka, kuma ina neman afuwa tun kafin in faɗa. Na kawo ƙorafina na farko ranar 10 ga Maris, Sakatare ya buga hatimi a kwafina. Ranar 24 ga Maris na dawo, ya ce kwamiti bai zauna ba. Ranar 7 ga Afrilu na sake dawowa, ya buɗe durowa biyu ya rufe, ya ce takardar ta yi ƙafa, ya kuma ba ni shawara, a matsayina na uwa, in yi haƙuri in bar wa Allah. Na gode masa. Na bar wa Allah nasa, na ƙungiya ne nake nema. A allon rumfa mai lamba 42 akwai tambarinku da rubutun cewa ɗan ƙungiya ne mai rajista, kuma wannan tambari na gani na yarda da shi. An kuma shaida min cewa a hannunka Injiniya ya koyi riƙon zarto, shekara bakwai yana rumfarka, har yanzu Baba yake kiranka. Ban ce wannan ne ya sa takardata ta ɓata ba. Na ce dai kasuwa na faɗa, kuma ɗan kuka shi ke ja wa uwarsa jifa. Ina so in ɗauka cewa labarin bai iso gare ka ba. Daga yau ya iso.

Saboda haka, cikin girmamawa, ina neman ƙungiya ta yi waɗannan:

(a) Ta kira zaman kwamitin ladabtarwa cikin kwana goma sha huɗu daga ranar wannan takarda, a sanar da ni a rubuce, a kira ƙanwar maigidana, da maƙwabcinmu na lamba 19, da mai walda, da mai shagon turare. Ina roƙon ka da kanka ka janye daga shugabantar zaman, saboda abin da ke sakin layi na 12.

(b) A cire kabad biyun nan daga gidana, a kafa waɗanda suka yi daidai da na kicin da kuma samfurin da aka sa wa hannu, a launi da fenti da tsagi da mariƙi. Wani kafintan ƙungiya zai yi aikin, a kan wuyan Injiniya, ina tsaye. Shi kuwa kada ƙafarsa ta sake taka banɗakina.

(c) Ya goge hoton a gaban kwamiti, ya kuma sanar da duk wanda ya tura wa cewa aikin saɓa yarjejeniya ne.

(d) A sauke tambarin ƙungiya daga rumfarsa har sai an yanke hukunci, don kada wata ta gani ta yarda kamar yadda na yarda.

(e) Ya zo ƙofar gidanmu da rana tsaka tare da dattawa biyu na ƙungiya, ya tsaya daga waje, ya faɗa da bakinsa cewa shi ya canja kabad, shi ya yi ƙarya da sunana, shi ya hautsina kwalabe. Ba na son takardar ban haƙuri, maigidana ba zai iya karantawa ba. Ina so ya ji da kunnensa cewa hannunsa bai yi kuskure ba, ƙanwarsa ma ta ji cewa ba sakacinta ba ne.

Idan kwana goma sha huɗu suka cika, wato ranar 5 ga Mayu, ban ji daga gare ku ba, kwafi na biyu zai tafi uwar ƙungiya, na uku hukumar kare haƙƙin masu saye, na huɗu kuma zan kai shi da ƙafata ginin da na yi shekara ashirin da takwas a ciki. Na san ƙofar da ake shiga, na san tagar da ake miƙa takarda, waɗanda ke zaune a bayanta kuma ni na koya wa rabinsu aiki.

Kafin in sa hannu na karanta wa maigidana takardar nan daga farko har ƙarshe, domin maganarsa ce. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya ce komai daidai ne, amma in cire sakin layi na 9, kada maza 'yan'uwansa su ji ya yi kuka. Na ce masa ba zan cire ba, na kuma gaya masa dalili: idan akwai wanda ya kamata ya ji kunyar sakin layin nan, ba a gidan nan yake ba. Sai ya ce to in ba shi biro. Layin da ka gani a karkace a ƙasan nawa, har ya hau kan rubutu, sa hannunsa ne.

Ina jiran amsarka. Allah ya ƙara girma, ya ba ka ikon yin adalci ko a kan na gida.

Taka cikin ladabi da biyayya,

(sa hannu)
Matar gida mai lamba 17,
Magatakardar kotu mai ritaya.

(sa hannu)
Maigida, direba mai ritaya.

Abubuwan da aka haɗa: kwafin yarjejeniyar 6 ga Janairu; hoton samfuri biyu, gaba da baya; rasit; takardar kiran waya; takardar likita; kwafin ƙorafin 10 ga Maris mai ɗauke da hatimin Sakatarenka.